Daga Gidan Gem Zuwa Kara: Wa Ya Fi Sanin Mai Saye a Potiskum?

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Potiskum a shekarun 2000 ya san gidan gem. Shago ne ɗan tsukuku, talabijin biyu ko uku a jere, benci ɗaya, ƙaramin jannareto na ta ɓaɓatu a bakin ƙofa, yara sun cika har waje suna jiran layi. Doka ɗaya ce kowa ya sani: wanda aka ci shi zai biya. Wasan da ya fi tashe a na'urar PlayStation 2 kuwa shi ne ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda wasu faya-fayan ke ɗauke da sunan Winning Eleven, wasu Pro Evolution Soccer.

Wasan yana da wani naƙasu. Konami bai sayi izinin amfani da sunayen ƙungiyoyi da yawa ba, don haka a shekaru da dama Manchester United takan fito da sunan Man Red, Liverpool ta zama Merseyside Red, Chelsea kuma London FC. A tsofaffin faya-fayai ko 'yan wasa ba su tsira ba, Roberto Carlos na Brazil ya koma Roberto Larcos. Amma kamfanin ya sanya wani sashe da mai wasa zai shiga ya gyara abin da ya ga dama. Nan ne mai gidan gem, ko wani yaron da hannunsa ya faɗa, zai zauna bayan an watse, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, ya sauya launin riga, ya kai ɗan wasan da aka sayar a watan Agusta sabuwar ƙungiyarsa, sannan ya adana a memori. Shagon da memorinsa ya yi daidai da abin da ake gani a gidan kallon ƙwallo shi ne ke cika. Wasu ba su tsaya nan ba. Sai yaro ya ƙirƙiri ɗan wasa da sunansa, da tsawonsa, da launin fatarsa, ya ba shi gudu 99, ya ajiye shi a gaban Super Eagles kusa da Nwankwo Kanu. A Brazil abin ma ya wuce haka: a 2007 wani mai gidan gem a jihar Sao Paulo ya fara sakin nasa gyararren faifai mai suna Bomba Patch, da ƙungiyoyin ƙasarsa a ciki, kuma an ci gaba da sabunta shi shekaru bayan an daina ƙera na'urar kanta.

Abin da waɗancan yara suka ji a ransu, cewa wannan wasan nasu ne, shi ne manyan kamfanonin duniya ke kashe biliyoyin daloli a yau don su sa mai saye ya ji. Sai dai hanyoyin biyu ne. Akwai ta bibiyar mutum a ɓoye, a tara bayanansa, a yi hasashen abin da zai so, a cusa masa. Akwai kuma ta miƙa masa fad ɗin buga gem a hannu, a ce zaɓi da kanka. Masu tallan intanet sun fi bin ta farko, masu ƙera wasanni sun yi arziki da ta biyu. Ga ɗan kasuwar Potiskum da ke neman ciniki ta waya, ta biyun ta fi araha, ta fi dacewa da mutanen da yake hulɗa da su, kuma ya riga ya san rabinta tun daga gida.

Yadda na'ura ke hasashe

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Amazon ya fara nuna wa mai saye cewa waɗanda suka sayi wannan littafi sun kuma sayi wancan. A 2006 Netflix ya sa gasar dala miliyan 1 ga duk wanda zai inganta lissafinsa na hasashen fim ɗin da mutum zai so da kashi 10 cikin 100, ba a ci gasar ba sai 2009. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 160 a 2024, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 daga talla ne. Abin da yake sayar wa masu talla shi ne alkawarin cewa ya san wanda ke riƙe da wayar: shekarunsa, garinsu, abin da ya tsaya ya kalla, daƙiƙa nawa ya yi a kai, da wanda yake bi. TikTok ma ko bin kowa ba ka yi ba, tsayuwar yatsanka a kan bidiyo ta ishe shi.

Wannan lissafi an gina shi ne a kan mutum ɗaya, waya ɗaya, katin banki ɗaya, adireshi ɗaya. A unguwannin Potiskum irin Dogo Nini ko Dogo Tebo abin ba haka yake ba. Wayar maigida da safe tana kasuwa, da yamma uwargida na duba sitatus ɗin mai atamfa, da daddare ɗan autan gida ya karɓa ya buga gem. Mutum ɗaya na da layi biyu ko uku, yana sauyawa gwargwadon wanda ke da sabis ko garaɓasa. Cinikin gaske ana ƙulla shi da saƙon murya, da Hausa, wani lokaci da Bolanci ko Karekare ko Ngizim, a biya a wajen mai POS ko hannu da hannu. Sau da yawa shafukan intanet ma suna ɗauka mai wayar yana Legas ne, saboda ta can layinsa ke fita. To me na'ura za ta gane? Sai ta jefo abin da ke hannunta: tallan cacar ƙwallo ga dattijon da ya shiga sauraren tafsiri, tallan bashin gaggawa, tallan gidaje a Lekki ga mai kwana a Mamudo.

Akwai wani salon da kusan kowa a garin ya taɓa gamuwa da shi, wato garaɓasar data da kamfanonin waya ke warewa kowane layi tasa, irin MTN4ME. Abokai biyu na zaune a benci ɗaya a majalisa, wannan ya duba ya ga an ba shi data mai yawa da kuɗi kaɗan, wancan ya duba bai ga komai ba. Na'urar tana da dalilinta, tana duba yadda kowa ke kashe kuɗi ta yi masa tayin da take ganin zai sa ya ƙara. Amma ba wanda ya yi wa na biyun bayani, don haka abin da ya ɗauka shi ne an fifita wani a kansa. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, irin wannan ƙorafi ya ƙara zafi a bakin mutane.

Kamfanin da ya fahimci wannan yanki tun da wuri bai yi ta hanyar leƙen asiri ba. Transsion na birnin Shenzhen a China, mai Tecno da Itel da Infinix, ya duba yadda mutane ke rayuwa ne: ya yi waya mai layi biyu, batir mai daɗewa saboda rashin wuta, kyamara da ke fito da baƙar fata da kyau, ya kuma sanya Hausa cikin harsunan wayar. Ka bi shagunan waya na kan titin Muhammadu Idrissa ka ƙirga, za ka ga wanda ya ci kasuwa.

Kara ranar Laraba

Tun da aka dawo da fadar masarautar Fika zuwa Potiskum a 1924, garin ke bunƙasa a kan mahaɗar hanyoyin Kano, Bauchi da Maiduguri. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum sama da 200,000, kuma kasuwar shanunta, wato kara, da ke ci ranar Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. A nan ne za ka ga sanin mai saye na ainihi.

Dillalin da ya ƙware ba ya nuna wa kowa sa iri ɗaya. Ya san wanda ke lodin tirela zuwa mayankar Oko-Oba a Legas nauyi yake nema, ba ruwansa da kyan ƙaho. Ya san manomin Nangere shanun huɗa yake so, matasa biyu masu kai ɗaya. Mai neman na turka yana son ramamme mai ƙashi wanda zai amshi dusa, mai neman na layya kuma ba ya son mai aibi ko kaɗan. Ya san mai son Bunaji, da mai son jan Rahaji, da wanda in ba Wadara ba gara ya koma gida hannu rabbana. Ya san wanda tayinsa na farko wasa ne, da wanda in aka ce masa albarka sau biyu zai juya ya tafi. Duk wannan sani a fili aka tara shi, mai sayen ne ya faɗa da bakinsa, a inuwar fatoma, shekara da shekaru. Kuma in dillali ya yi amfani da sanin ya cuce shi, la'adar ranar ce ta ƙarshe.

Waya ba ta kashe wannan sana'a ba, ƙara mata tsawon hannu ta yi. Yanzu dillali kan zagaya sa da kyamara, ya buɗe bakinsa a ga haƙora, ya sa shi ya yi tafiya, ya tura bidiyon ta WhatsApp ga mutum ɗaya tak a Onitsha ko Fatakwal wanda ya san irinsa yake jira. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har waɗanda suka ƙi banki zuwa taransifa da Moniepoint da OPay. Garin da a Mayun 2013 aka kashe wa layukan waya baki ɗaya lokacin dokar ta-ɓaci, har kusan wata biyu, yau shi ne ke cinikin miliyoyi da saƙon murya.

Haka abin yake a wajen tela. Littafin awonsa da ya sha maiƙo yana ɗauke da kafaɗa da hannu da tsawon riga, a kansa kuma akwai sauran: Alhaji wane ba ya son aiki mai yawa a wuya, wane aljihu biyu yake so, ɗan wane ya yi tsawo tun ƙaramar sallah. Mai sayar da hula ya san lambar kan mutanensa, in sabuwar zanna bukar ta iso daga Maiduguri ya san wanda zai kira. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da humra da atamfa da kayan kicin da haɗa lefe, su suka fi kowa cin moriyar sitatus. Akwai hikima a tsarin da ba a cika lura da ita ba: ba za ki ga sitatus ɗina ba sai kin ajiye lambata na ajiye taki. Yarda ce daga ɓangare biyu, kuma ranar da kika gaji sai ki rufe shi ba tare da an yi faɗa ba. Shi ya sa tallan sitatus bai cika ɓata rai ba, yayin da jefa mutum cikin guruf ɗin talla ba da izininsa ba ke jawo tsaki.

Kuɗin rigar da ba ta da zare

A 2006 kamfanin Bethesda ya sa sulken doki a kasuwa cikin wasansa Oblivion a kan dala 2.50. 'Yan wasa suka yi ta masa dariya, wai wa zai sayi ado a cikin kwamfuta? Shekara 12 bayan haka Fortnite na kamfanin Epic Games, wasan da ake saukewa kyauta, ya tara sama da dala biliyan 9 a 2018 da 2019, kamar yadda takardun shari'arsa da Apple suka nuna, akasari daga tufafi da rawa da kayan ado waɗanda ba sa ƙara wa ɗan wasa ƙarfi ko na sisin kwabo.

Matasanmu ba su cika buga Fortnite ba, wayoyinsu ba za su ɗauka ba. Nasu shi ne Free Fire na kamfanin Garena na Singafo, da ya fito a 2017, mutum 50 a fage, minti goma an gama, kuma yana tafiya a ƙaramar waya. Sai PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, da eFootball, sunan da Konami ya sauya wa tsohon wasan gidan gem a 2021. Akwai kuma Dream League Soccer na wani kamfani a Oxford ta Ingila, wanda ya bar mai wasa ya raɗa wa ƙungiyarsa suna, ya ɗora mata tambari da rigar da ya ga dama. A nan za ka ga yaro ya sa wa tasa rigar Kano Pillars ko El-Kanemi Warriors ko Yobe Desert Stars, ko ma sunan kulob ɗin unguwarsu, ƙungiyoyin da manyan kamfanonin wasa ba su taɓa waiwaya ba.

Me ya sa matashin da ke lissafin kuɗin data zai sayi dayamon, kuɗin cikin gem, don ya yi wa mutum-mutumin cikin waya sutura? Dalili na farko, abokansa za su gani. Wanda ya san darajar anko a biki, ko buga suna da lamba a bayan rigar ƙwallo, ko kwalliyar da direbobin tirela da masu Keke Napep ke yi wa abin hawansu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na biyu, shi ya haɗa da hannunsa. A 2012 Michael Norton na jami'ar Harvard da abokan aikinsa biyu sun wallafa binciken da ya nuna mutane na ɗora wa abin da suka harhaɗa da kansu daraja fiye da irinsa da aka ba su a gama, ko da nasu bai kai shi kyau ba. Kamfanin Nike ya gane haka tun 1999, ya bar mai saye ya zaɓi launin takalminsa a intanet. Coca-Cola ya fara buga sunayen mutane a jikin kwalba a Ostareliya a 2011, ya kawo salon Najeriya a 2015, mutane suka riƙa tona firij suna neman sunansu.

In ka lura da yadda wasannin ke tsara wannan sashe, za ka ga ladabin ciniki a ciki. Suna nuna maka rigar a jikin ɗan wasanka kafin ka biya, ka juya shi gaba da baya. Ba sa zube maka kaya dubu lokaci ɗaya, sai ka zaɓi kai, sannan riga, sannan takalmi. In ba ka son wahala akwai wanda aka riga aka haɗa. In ka sauya ra'ayi ka cire. Kuma ba sa mantawa: ka dawo bayan wata uku, kayanka na nan yadda ka bar su.

Ba abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin mai shago a Tsohuwar Kasuwa. Mai atamfar da ke zuba hoto 60 a sitatus kowace safiya tana gajiyar da mutane ne, ƙarshenta a rufe ta. Da za ta tambayi kowace mai saye sau ɗaya, Hajiya, atamfa kike so in riƙa turo miki ko leshi, kuma mai tsada ko matsakaiciya, sannan ta ware su, da hoto biyar sun yi mata aikin sittin. Manhajar WhatsApp Business, da ta fito a Janairun 2018, kyauta ce, tana da wurin liƙa wa kowane mai saye alama, da kundin kaya mai farashi, da jerin aikawa da ke ɗaukar mutum 256. Tela zai iya tura zanen aikin wuya uku ya ce a zaɓa kafin ya sa almakashi a shaddar dubban nairori. Mai haɗa lefe za ta iya barin dangin ango su zaɓi abin da zai shiga kowane akwati gwargwadon ƙarfinsu, maimakon farashi ɗaya na ɗauka ko bari. Mai hatsi da ke tura gero da wake kudu zai iya riƙe lissafin wanda ke saye da kaka ya ajiye da wanda ke saye duk mako. Wanda ke da halin biyan tallan Facebook, da harajin kashi 7.5 cikin 100 da aka ɗora masa tun Janairun 2022, ya sani cewa tallan iyakarsa ya kawo baƙo bakin ƙofa. Abin da zai zaunar da baƙon shi ne tambayar da aka yi masa bayan ya yi sallama.

Inda bai kamata a bi su ba

Kada a ɗauka masu wasanni waliyyai ne. Suna da wani salon da ya fi sayar da riga kawo kuɗi, wato akwatin sa'a: ka biya, ka buɗe, sannan ka ga abin da ka samu. Kamfanin EA ya shigo da tsarin Ultimate Team cikin wasan FIFA a 2009, inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan wasa a rufe, kuma a shekarar kuɗinsa ta 2021 tsarin ya kawo masa dala biliyan 1.62 a wasanninsa. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne, a farkon 2019 EA ya daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar. A Disambar 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa Epic Games biyan dala miliyan 520, wani kaso saboda tara bayanan yara, wani saboda tsara maɓallai ta yadda mutum zai saya ba da niyya ba. Free Fire ma na da nasa keken sa'ar da ke cinye dayamon. Iyaye da yawa ba su san cewa kuɗin da yaro ya karɓa da sunan data can suke tafiya ba.

A garin da almajirin fiƙihu tun yana ƙarami ake karantar da shi haramcin sayar da abin da ba a san shi ba, wannan ba sabuwar mas'ala ba ce. Amma salon ya fara shigowa kasuwancin waya: juya keke ka ci kyauta, saura mutum biyu kaya su ƙare, garaɓasa za ta rufe nan da minti goma, alhali gobe ma tana nan. Mai yin haka zai ci kasuwa sau ɗaya. Potiskum ba Legas ba ce, wanda ka yaudara yau za ku haɗu a sahun Juma'a.

Sai batun sirri, wanda a ganina ya fi komai nauyi. A Fabrairun 2012 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda kantin Target na Amurka ke duba sayayyar kaya kusan 25 ya gane mace na da juna biyu, har ya kintaci lokacin haihuwa, ya fara aika mata tallan kayan jarirai. Kantin da kansa ya lura abin na tsorata mata, sai ya riƙa cakuɗa tallan da na wasu kayan don kada a gane. Ka auna wannan da al'adarmu, inda mai cikin fari ke ɓoye shi ko ga mahaifiyarta don kunya, a wayar da mutum huɗu ke taɓawa. Hasashen da ya yi daidai ma yana iya zama cin fuska.

Mun ga mafi muninsa a manhajojin bashi, waɗanda ke kwashe lambobin wayar mutum, in ya makara su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum damar janye yardarsa, da damar cewa a daina amfani da bayanansa wajen yi masa talla, ta kuma ce bayanan yaro sai da izinin iyaye. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraren ƙararrakin hukumar ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Wani abin lura kuma: da Apple ya fara tambayar masu iPhone a Afrilun 2021 ko sun yarda manhajoji su bibiye su, yawancinsu suka ce a'a, har Meta ya ce abin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Ashe shirun da mutane suka yi a baya ba yarda ba ce, tambayarsu ne ba a yi ba.

Dokar kare bayanan ba don manyan kamfanoni kaɗai aka yi ta ba. Mai POS na ganin suna da lambar asusun duk wanda ya tsaya a rumfarsa. Mai kemis ya san ciwon unguwa. Mai gyaran waya na riƙe da hotunan gidan mutane. Telar mata ta san awon kowace amarya da ranar bikinta. Yaron shagon da ya ɗauki lambar budurwa daga littafin ciniki ya bi ta da saƙon dare, da mai sana'ar da ta miƙa wa ƙawarta lambobin masu sayenta don ita ma ta yi talla, duk sun taɓa amana kafin su taɓa doka. Haka mai ɗora hoton cinikin Hajiya a sitatus, da sunanta da adadin kuɗin, wai don a ga ana saye.

A Yunin 2025 Meta ya sanar cewa zai fara sanya tallan kamfanoni a tsakanin sitatus na WhatsApp. Ma'ana, filin da matan Potiskum suka share da kansu zai samu baƙi masu kuɗin da ya fi nasu. Ba za su iya gasar kuɗi da su ba, kuma ba sa buƙata, domin su suna iya kiran mai saye su tambaye ta, kamfanin kuwa sai dai ya yi hasashe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar garin da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Potiskum za su yi babban taimako in suka shirya wa masu ƙananan sana'o'i bita da Hausa kan ware masu saye, neman izini kafin tura talla, da adana lambobin mutane. Malaman ma ba sai an ɗauko su daga nesa ba, yaran da suka kwana gyaran memori a gidan gem yanzu su ne masu shagunan waya.

Kai kuma mai karatu, in saƙonnin tallan kamfanonin waya sun dame ka, tun 2016 NCC ta ware lamba don haka. Ka rubuta STOP ka tura zuwa 2442, ba a cajin ko kwabo.